Mintuna Biyar na Farko: Buɗe Darasin Abubuwa Masu Jiki a Makarantun Nguru da Gashuwa

A cikin manhajar kimiyya ta ƙaramar sakandare a Nijeriya akwai batu guda da kusan dukkan sauran batutuwa suke jingine da shi, wato batun abu mai jiki. Abin da masana suke nufi da abu mai jiki shi ne duk abin da yake da nauyi kuma yake cin wuri, tun daga dutse da ƙarfe da ruwan kogi har zuwa iskar da ake shaƙa, wadda ido ba ya gani. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda hukumar NERDC ta tsara, aka fara aiki da ita a 2008, aka kuma shigo da gyararriyarta a 2014, ta sanya wannan batu tun a ajujuwan farko, domin ɗalibin da bai gane shi yana ɗan shekara 11 ko 12 ba, zai sha wahala idan ya isa babbar sakandare, inda kimiyyar sinadarai da fiziya suke jiransa.

Abin da aka saba gani a ajujuwa da yawa shi ne malami ya shigo ya rubuta ma'anar a allo da Turanci, ya jera yanayi uku da abu mai jiki yake kasancewa a ciki, wato sandararre da mai ruwa-ruwa da gas, sannan ɗalibai su kwafa, su haddace, su mayar masa ranar jarrabawa. Wannan hanya tana ba yaro amsa tun kafin wata tambaya ta taso a zuciyarsa, amsar da ba a nema ba kuwa ba ta daɗewa a kai. Darasin da zai zauna shi ne wanda aka buɗe shi da wani abu da yaran suka sani tun daga gida, aka jefa musu tambayar da za ta raba kansu a kansa, aka sa kowa ya faɗi hasashensa, sannan aka gwada a gabansu. Malamin da yake koyarwa a Nguru ko Gashuwa yana da kayan yin haka fiye da yadda ake zato, ko da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaje-gwaje.

Abin da yaro ya zo da shi daga gida

Masanin halayyar koyo ɗan Amurka David Ausubel ya yi bayani a 1968 cewa sabon ilimi ba ya samun gindin zama sai ya haɗu da wanda mai koyo ya riga ya mallaka, saboda haka aikin malami na farko shi ne ya binciko abin da ke cikin kan ɗalibinsa. Tun kafin nan, a 1941, Jean Piaget da Bärbel Inhelder na ƙasar Siwizalan sun gano cewa ƙananan yara da yawa suna ɗauka sukari idan ya narke a ruwa ya ɓace ke nan, nauyinsa ma ya tafi. A shekarun 1980 Rosalind Driver da abokan aikinta a Jami'ar Leeds ta Ingila suka tattara irin waɗannan tunane-tunane na yara, suka nuna cewa suna da ƙarfin da lacca ɗaya ba ta iya tumɓuke su. Yaro yana iya rubuta daidai a takardar jarrabawa cewa iska tana da nauyi, alhali a ransa bai yarda ba, domin bai taɓa jin nauyinta a kansa ba.

Daga wannan fahimta ce Richard White da Richard Gunstone na Ostireliya suka bayyana wata dabara a 1992 mai matakai uku: ɗalibi ya yi hasashen abin da zai faru tare da dalilinsa, ya kalli abin da ya faru, sannan ya yi bayanin saɓanin da ya samu tsakanin biyun. Amfanin hasashe shi ne yana sa yaro ya ɗauki matsayi, wanda ya ɗauki matsayi kuwa zai zuba ido ya ga ko gaskiyarsa ce. Binciken Mary Budd Rowe na farkon shekarun 1970 ya ƙara wani abu mai muhimmanci, domin ta gano cewa malamai sukan jira amsa na kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, amma idan suka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, kuma yaran da ba sa magana sukan buɗe baki.

Ƙasar da ta wadata da kayan gwaji

Nguru da Gashuwa suna arewacin Jihar Yobe, wadda aka ƙirƙira a ranar 27 ga Agusta, 1991, a yankin da rairayin sahel ya yi iyaka da ruwa. Nguru, tsohon mazaunin Galadiman Borno, ita ce ƙarshen layin dogon da ya taso daga Kano ya iso a wajajen 1930, abin da ya mayar da ita matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da kanwa. Tafkin Nguru da mashigar ruwa ta Marma sun shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000. Gashuwa kuwa, hedikwatar masarautar Bade, tana bakin kogin Yobe, wanda ruwan Haɗejiya da na Jama'are suke ciyarwa. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, a Disamba da Janairu hunturu ya busar da komai, a Agusta kuma iska ta cika da laima. Yaron da ya tashi a nan ya ga fadama ta cika ta kuma janye, ya ga ɗanyen kifi ya zama banda marar nauyi, ya ga man shanu ya daskare da sanyin safiya ya narke da rana. Waɗannan duka sauye-sauyen abu mai jiki ne, abin da ya rage shi ne malami ya mayar da su tambayoyi.

Tulu da jarka

Buɗewa mafi sauƙi ita ce malami ya cika tulun ƙasa da jarkar roba da ruwa daga rijiya ɗaya tun da sassafe, ya ajiye su a inuwa guda, sannan idan lokacin darasi ya yi ya tambayi aji wanne ne ruwansa zai fi sanyi. Kusan kowa zai ce na tulu, domin babu gidan da ba a san sanyin ruwan randa ba. Tambaya ta biyu ce take kawo rabuwar kai: me ya sa, tun da ruwa ɗaya ne kuma inuwa ɗaya ce? Wasu za su ce yumɓu ne yake da sanyi, wasu su ce iska ce take shiga. A nan malami zai sa su taɓa bayan tulun su ji danshi, su kuma duba alamar da aka yi a wuyansa da safe su ga ruwan ya ragu, sai ya bar su da tambaya ta uku, wato ina ruwan da ya ragu ya tafi.

Bayanin da darasin zai kai gare shi shi ne jikin tulu yana da ƙananan kafofi da ruwa yake tsattsafowa ta cikinsu, idan ya fito waje sai ya zama tururi ya shiga iska, kuma wannan sauyi daga ruwa-ruwa zuwa gas yana cin zafi mai yawa, wanda yake zuƙa daga ruwan da ya rage a ciki. Zafin da lita ɗaya ta ruwa take buƙata kafin ta zama tururi ya ninka fiye da sau biyar wanda za a kashe wajen ɗumama ta daga digiri 0 zuwa 100. Wannan ka'ida ce Mohammed Bah Abba, malami daga Jihar Jigawa, ya yi amfani da ita a shekarun 1990 wajen yaɗa tukunya cikin tukunya, inda ake zuba jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu domin adana tumatir da yalo da alayyafo ba tare da lantarki ba, aikin da ya sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ambaton sunansa a aji yana nuna wa yara cewa mutumin maƙwabciyar jiharsu ya ɗauki ilimin da ke jikin randa ya amfani jama'a da shi har duniya ta san da zamansa.

Kanwa da tsamiya

Kanwa tana cikin tsofaffin hajojin wannan yanki, domin tun ƙarnoni da suka wuce fatake suke ɗauko ta daga tafkunan ƙasar Manga da gaɓar tafkin Chadi zuwa kasuwannin ƙasar Hausa. A ilimin sinadarai, mafi yawan abin da ke cikinta shi ne sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet, waɗanda idan suka haɗu da abu mai tsami sukan saki iskar kabon dayoksaid. Duk yarinyar da ta taɓa tsayawa kusa da tukunyar miyar yakuwa ta ga kumfar da take tasowa idan aka jefa kanwa domin kashe tsami. Malami zai iya zuba ruwan tsamiya ko na lemon tsami a kwalbar roba, ya saka garin kanwa kaɗan a cikin balan-balan, ya ɗaura shi a bakin kwalbar, ya tambayi aji abin da zai faru idan garin ya zuba. Da zarar balan-balan ya fara kumbura ba tare da kowa ya hura shi ba, tambayar da za ta ɗauki darasin ta samu: mene ne ya cika shi, kuma a ina yake ɓoye kafin yanzu?

Wannan gwaji yana nuna abu biyu a lokaci guda, cewa gas yana cin wuri, kuma cewa akwai sauyin da yake haifar da sabon abu, wanda ake kira sauyin sinadari. Idan aka maimaita shi a buɗaɗɗen kofi a kan sikeli mai lambobi, za a ga nauyi ya ɗan ragu saboda gas ɗin ya fice, wanda hakan yake kai ɗalibai ga dokar da Antoine Lavoisier na Faransa ya fayyace a 1789, cewa a irin wannan sauyi ba a ƙirƙirar nauyi kuma ba a hallaka shi, wuri kawai yake sauyawa. Kishiyar sauyin sinadari shi ne aikin masu dafa gishirin mangul a ƙasar Manga, waɗanda suke jiƙa ƙasa mai gishiri, su tace ruwan, su dafa shi har ya ƙafe, gishirin ya dawo sandararre kamar yadda yake. Wannan shi ne sauyin kama, inda abu yake canza siffa amma bai zama wani abu dabam ba.

Iska da hazo da turare

Batun da ya fi yi wa yara wuyar yarda shi ne cewa iska ma abu ce mai jiki. Malami zai iya buɗe darasi da ɗaga kofin da babu komai a ciki ya tambaya ko fanko ne, sannan ya cusa busasshiyar takarda a gindinsa, ya kifa shi tsaye cikin bahon ruwa, bayan ya sa kowa ya faɗi ko takardar za ta jiƙe. Idan ta fito a bushe, sai a nemi wanda ya hana ruwa shiga. Sirinji marar allura yana ƙara haske, domin idan aka toshe bakinsa da yatsa, iskar da ke ciki tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa, abin da yake nuna cewa akwai tazara mai faɗi tsakanin ƙwayoyin gas. Game da nauyi kuwa, kubik mita ɗaya ta iska tana da nauyin kusan kilo 1.2, saboda haka ajin da tsawonsa ya kai mita 9, faɗinsa mita 7, tsayinsa mita 3, yana ɗauke da iskar da ta haura kilo 200, wato nauyin buhun siminti huɗu. Kafin a faɗi wannan adadi ya kamata a bar yara su yi ta cinta, domin tazarar da ke tsakanin hasashensu da gaskiya ita ce za ta riƙe hankalinsu. Yana da kyau su san cewa Alkhazini, masanin da ya rayu a birnin Merv a farkon ƙarni na 12, ya tattauna nauyin iska a littafinsa Mizanul Hikima, kuma a 1643 Torricelli na Italiya ya ƙera na'urar auna matsinta.

Lokacin hunturu yana kawo wata tambayar da ba ta buƙatar sayen komai: hazo gas ne ko sandararre? Farar takardar da aka shafa wa basilin aka bari a taga ta kwana za ta wayi gari da ƙura a jikinta, shaidar cewa hazo ƙananan sandararrun ɓarɓashi ne da iska take ɗauke da su. Kaso mai yawa na wannan ƙura yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, inda wani katafaren tafki na zamanin da ya ƙafe ya bar ragowar ƙananan halittun ruwa. Haka nan buɗe kwalbar humra a kusurwar aji, tare da umartar kowa ya ɗaga hannu idan ƙamshi ya iso shi, yana nuna cewa ƙwayoyin gas suna tafiya suna bazuwa, ko da yake malami mai gaskiya zai bayyana cewa kaɗawar iskar ɗaki ita ma tana taimaka wa ƙamshin ya yi sauri.

Gero da sukari

Littattafai sukan ce abu mai ruwa-ruwa shi ne wanda yake zuba kuma yake ɗaukar siffar mazubinsa. Malamin da ya zo da mudun gero ya juye shi cikin kwano ya tambaya ko gero ma ruwa-ruwa ne ya jefa aji cikin muhawara mai amfani, domin gero yana zuba kuma yana bin siffar kwano. Yara da kansu za su lura cewa gero yana yin tsibi, ruwa kuwa ba ya yi, kuma ƙwayar gero ɗaya tana nan da siffarta ko ina aka sa ta. Ta haka ma'anar da za a rubuta a allo za ta zama wadda aji ya gyara da bakinsa. Idan aka haɗa kofi ɗaya na wake da kofi ɗaya na gero aka girgiza, abin da za a samu ba zai cika kofi biyu ba, saboda gero ya shige guraben da ke tsakanin wake, kuma wannan yana share fagen ra'ayin da John Dalton ya kafa a 1808, cewa dukkan abubuwa an gina su ne da ƙwayoyin zarra.

Sukarin mai shayi kuwa shi ne yake tunkarar kuskuren da Piaget ya gano. Ana ɗora kofin ruwa da ƙullin sukari tare a kan sikeli, a rubuta nauyinsu, sannan a tambaya ko nauyin zai ragu, ko zai ƙaru, ko zai tsaya, bayan sukarin ya narke. A ƙidaya hannuwa a rubuta a allo kafin a dama. Lambar da ba ta motsa ba ta fi kowane dogon bayani tasiri, domin gani ya kori ji.

Sharuɗɗan buɗewa mai amfani

Sharaɗi na farko shi ne buɗewar ta kai kai tsaye ga abin da ake son koyarwa a ranar, domin gwajin da ya burge yara amma bai haifar da tambayar darasi ba ya zama wasa. Na biyu shi ne gajarta, tun da darasi ba ya wuce kimanin minti 40, saboda haka minti biyar zuwa bakwai sun isa. Na uku shi ne lura da yanayin shekara. Gwajin tulu ya fi fitowa da rani da hunturu, lokacin da iska take a bushe, amma gwajin raɓar da take taruwa a bayan kwalba mai sanyi ya fi dacewa da damina. A gwajin raɓar yara da yawa sukan ce ruwan ciki ne ya yoyo, amma idan aka cika kwalbar da zoɓo mai ƙanƙara aka goge bayanta da farin ƙyalle, rashin ja a ƙyallen zai tabbatar musu cewa ruwan daga iska ya sauko.

Na huɗu shi ne harshe. Ajujuwan wannan yanki suna haɗa 'ya'yan Bade da Manga da Hausawa da Fulani, kuma Hausa ce mafi yawansu suke haɗuwa a kanta, don haka barin yaro ya faɗi hasashensa da harshen da yake tunani da shi, kafin a ba shi kalmar Turanci da jarrabawa za ta nema, yana fito da abin da ke ransa. Na biyar shi ne adalci a babban aji: a ɗora kayan gwaji a wuri mai tudu, a sa kowane benci ya tattauna ya fitar da amsa ɗaya, a kuma tabbatar an ji muryar 'yan mata da ta masu zama a baya. Na ƙarshe shi ne kiyaye lafiya, wato kada a ɗanɗana kayan gwaji, kada a toshe kwalbar da kanwa take kumfa a ciki da murfi, kuma duk abin da ya shafi wuta ya tsaya a hannun malami. Wajibi ne kuma malami ya gwada komai a gida kafin ya kawo shi aji.

Gwamnatin Jihar Yobe ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare a 2019, kuma gina ajujuwa da ɗakunan gwaje-gwaje haƙƙi ne da yake kan hukuma, wanda tulu da kanwa ba za su sauke mata ba. Sai dai yaron da yake aji ɗaya a bana ba zai tsaya jiran gini ba. Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa, da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, da Ƙungiyar Malaman Kimiyya ta Nijeriya, su sanya dabarun buɗe darasi da kayan gida cikin horon da suke bai wa malamai, su kuma tattara waɗanda suka yi nasara cikin ɗan littafi da za a raba wa makarantu. Shugabannin makarantu su ware ɗan kuɗin sayen sikeli da ma'aunin zafi, iyaye kuma su riƙa tambayar 'ya'yansu abin da suka gani a aji, ba abin da suka kwafa kaɗai ba. Malamin da zai shiga aji gobe kuwa, ya ɗauki abu guda daga gida ko kasuwa, ya shirya tambaya guda a kansa, ya yi ta, ya kuma yi haƙurin jiran amsar ɗalibansa kafin ya ɗauki alli.